Ƙarin Lokacin da Alƙali Ya Ba Amadeu

"Kai Amadeu, tashi mana! Barci ka zo yi a kotu? Ga magatakarda nan ya fito."

Deolinda ta zungure shi da gwiwar hannu. Maƙwabcinta ne, katanga ɗaya ce tsakaninsu, kuma ita ta rako shi gari a motar safe saboda kunnensa ya yi nauyi. Tun da matarsa Graciete ta rasu kotu ta ɗora masa rubuta kayan da ta bari, ya kawo a raba gado. Sai jan ƙafa yake, don ya san ranar da ya miƙa takardar, Hélder, ɗan da Graciete ta zo da shi, zai taso daga Faransa ya sayar da gidan. Shi kuwa tsoho burinsa ɗaya: daga gidan nan za a ɗauke shi zuwa makwancinsa. Yau ma alfarmar ƙarin lokaci ya zo roƙo.

"Albishirinku," in ji magatakardan. "Alƙali ya ɗaga masa ƙafa har bayan tsinkar zaitun. Amma a gaya masa daga wannan babu ƙari."

"Ka ji ko, tsohon rigima? Ka ci nasara."

Ta sake zungurarsa. Hular da ke kan gwiwarsa ta faɗi, shi kuma ya sulale a hankali ya jingina da kafaɗarta. Ta kama hannunsa, ta ji shi wani iri.

"Amadeu? Wayyo Allah! Amadeu!"

Jama'a suka yo ca. Wani ya kwance masa maɓallin wuya, wata ta ruga neman ruwa. Deolinda dai ko motsi ta kasa. Mutumin da ɗazun nan yake mitar tsadar kofi a tasha! Da likita ya zo ya duba, girgiza kai kawai ya yi.

A nan bakin kotu ta kira Hélder a waya, ta gaya masa rasuwar. Ta ji yana jan hanci.

"Gwaggo Deolinda, in sun sake shi a kai shi ɗakin gawa na coci. Gidan nan akwai masu zuwa dubawa, ba na son a ce..."

"A ce me?"

"Kin san mutanen yanzu. Ba sa son gidan da aka kwantar da gawa."

Ranta ya ɓaci ƙwarai, har ta manta a inda take.

"Kai Hélder, ni na share maka majina kana yaro, kar ka kawo mini iyayi. Mutumin nan shi ya saya maka takalminka na farko. Alƙali da kansa ya ce ya zauna a gidansa har bayan zaitun, ga magatakarda nan shaida. Kwana ɗaya tak zai yi a ciki, shi ma za ka hana shi?"

Can ya ce, "To, Gwaggo. Yi yadda kika ga dama."

Washegari da hantsi motar gawa ta shigo layin. Ƙofar gidan ta yi wa akwatin kaɗan, sai da maza suka cire ƙyaure ɗaya suka karkata akwatin. Aka ajiye shi a falo, mata suka kunna kyandir, suka fara addu'a ƙasa-ƙasa.

Deolinda ta shiga kicin don ta ɗora wa masu gaisuwa kofi. Ta miƙa hannu za ta ɗauki tukunya, sai ta tsaya. A gefen murhu ga kwanon waken da Amadeu ya jiƙa kafin su fita, na abincin darensa. Waken ya shanye ruwan tas, ya kumbura har ya ɗaga farantin da ya rufe shi da shi.