Jirgin da Ya Fi Ƙarfin Zaure

Zayyanu mai walda ya ƙera ƙaramin jirgin sama a tsakar gidansu da ke unguwar Gidan Dare, mai kujera ɗaya da injin babur. A waya ya koyi aikin. Sai da ya liƙe fukafukan da wuta ya shafa fenti, sannan ya tuna mafitar gidan ɗaya ce: tsohon zauren ƙasa, wanda ko saniya sai an karkata mata ƙaho. Sauran katangun duk na maƙwabta ne.

Ya durƙusa gaban mahaifiyarsa, Inna Ashatu, ya roƙi izinin fasa zauren.

"Wanga zaure ubanka yag gina shi da hannunai, ta nan anka hita da gawatai," in ji ta. "Bari in bi shi, sannan ka hwasa abin da kaka so."

Yanke fukafukan kuwa kashe jirgin ne. Kullum waya na nuna masa sababbin jirage masu lantarki, har da masu naɗe fiffike kamar tantabara, nasa kuwa ya zama wurin shanya kuɓewar Inna.

Ranar da zazzaɓi ya kayar da ita, ya dawo daga sayen magani, sai ya tsinci kansa tsaye cikin zaure yana auna bangon da ido. Ya yi ta istigfari, ya jawo tamfol ya lulluɓe jirgin ruf, kamar gawa.