Jinin Malam Kyari Ya Yi Ƙasa

Malam Kyari tela ne a Fagge, kuma duk layin an san shi da surutu. Keken ɗinki na gudu, bakinsa na gudu. Da ƙurji ya fito masa a gefen harshe ya ƙi warkewa, an sha kai-kawo kafin likita ta tabbatar sankarar baki ce.

Tun daga nan gidan ya yi tsit. Matarsa Yakaka, wadda a da take roƙonsa ya bar ta ta ji rediyo, yanzu sai ta kashe rediyon ta zauna kusa da shi, ko zai ce wani abu. Magana ciwo take masa, haɗiya ma haka. Da hannu yake neman ruwa.

Kafin kowane zagayen magani sai an ɗebi jininsa an auna. A wannan karon likita ta zaunar da su ta yi bayani. Jajayen ƙwayoyin jini sun ragu, shi ya sa yake haki. Fararen da ke yaƙar cuta su ma sun yi kaɗan, kuma awon ya nuna abinci ba ya shiga jikinsa.

"Ba zan sa masa maganin a haka ba, Hajiya. Sai an ƙara masa jini, kuma sai ya ci."

Washegari Yakaka ta shiga kasuwar Sabon Gari wajen Adaeze mai kayan miya, wadda Kyari ya ɗinka wa 'ya'yanta kayan biki. Adaeze ta tambayi jikin maigida, Yakaka ta buɗe baki sai hawaye. Matar ta bar rumfarta a hannun maƙwabciya, ta ɗaure kifi da ugu, ganyen miyar da ake cewa yana ƙara jini, ta biyo ta har gida. Ita ta nuna mata yadda za ta dafa ganyen ya yi laushi ba barkono, ta tace, ta riƙa ba Kyari da ƙaramin cokali. Mijin Adaeze kuma ya je asibiti ya ba da jini.

Kyari ya riƙa sha yana runtse ido. Da aka sake awo, likita ta ce jinin ya ɗan farfaɗo, za a ci gaba da magani, sauran kuma sai abin da Allah Ya yi.

A hanyar dawowa adaidaita sahu ta tsaya cikin cunkoson mahaɗar Bata, daidai wajen mai tsire. Kyari ya bi hayaƙin da ido, ya daɗe bai ɗauke kai ba. Yakaka ta riƙe hannunsa.

"In ka warke, Malam, ni zan sayo maka, har da yaji."

Ya gyaɗa kai. Hanya ta buɗe, suka wuce.