Bokitin da Na Ƙi Hudawa

Jiya da dare na yi wani mafarki, kuma maƙwabcina Malam Shitu ne ya jawo mini shi. Mutumin nan tumatir yake shukawa a tsofaffin bokitan fenti, ya jera su a kan katangar da ta raba mu, jajaye jawur, kamar don in gani. Ni ma na shuka bokiti shida, biyar sun ruɓe, saura ɗaya. Ya taɓa leƙowa ya ce, "Ɗanlami, huda ƙasan bokitin, ruwa ne ke kwanciya." Na ƙi. Wa ya tambaye shi?

A mafarkin sai ga ni a Ofishin Kayan Miya, rungume da bokitina. Awaki ne ma'aikatan. Wani bunsuru mai tabarau ya karɓi takardata, ya karanta, ya cinye ta.

"An karɓa," in ji shi. "Tumatir nawa gare ka?"

"Ganye ne kawai, ranka ya daɗe."

"Maƙwabcinka fa?"

"Ina ruwana da shi? Ban ƙirga ba."

"Ka ƙirga. Arba'in da bakwai. Kullum da safe muna ganinka."

Sai kuma ga mu a tsakar gidana, katangar ta tafi unguwa. Hadari ya haɗu a ƙarƙashin ƙafafunmu, ruwa ya fara tashi sama. Mutane suka juya lemominsu suka tsaya a ciki. Ruwan na shiga bokitan Malam Shitu ta hudojin ƙasa, tumatir na kumbura har ya kai kabewa, alayyahu ya yi tsawo ya je ya ɗauko masa kujera. Bokitina kuwa ruwan ya zo, ya ƙwanƙwasa, ya wuce.

Tumatirina ya dube ni ya ce, "Ƙishirwa nake ji."

"Kai da kullum ruwa ke yi maka yawa?"

"Da in ruwa ya shiga ba ya fita. Yau ga shi a waje, ya kasa shiga. Gidanka ba ƙofa."

Malam Shitu ya miƙo mini ƙusa, yana wannan murmushin nasa na mutumin kirki, wanda ya fi komai ba ni haushi. Hassada ta turnuƙe ni har ina jin ɗacinta a harshe. Na zuba hannuwana a aljihu.

Tumatirina ya zare saiwarsa daga laka, ya karkaɗe ta, ya taka zuwa bokitan Malam Shitu. 'Yan uwansa suka matsa masa suna cewa maraba. Ko zama bai gama yi ba ya yi fure, ya yi ɗa.

"Arba'in da takwas," in ji bunsurun. Ya rubuta, ya cinye biron.

Na buɗe baki in yi ihu, sai na ji ƙwas, ƙwas, ƙwas. Gari ya waye. Matata Asabe ce tsugune a tsakar gida, ta kwantar da bokitina tana buga ƙusa a ƙasansa da dutse. Wani baƙin ruwa mai wari na tsiyayowa.

"Ƙusar wa ce?" na tambaye ta.

"Ta Malam Shitu. Ya ce a gaishe ka."

Na dubi katanga, na dubi ɗan ganyena da ya rage. Na ce, "Ƙara huda biyu. Amma a hankali, kada ya ji."