Arba'in ɗin Mairama

Mairama ta rasu ranar Laraba. Aka yi mata salla a Haramin Makka bayan la'asar, aka kai ta maƙabartar Shara'i. Kabarin ba suna, ba rubutu, dutse ɗaya irin na kowa. Mijinta, Malam Mailafiya, ya zuba ƙasa da hannunsa, ya karkaɗe, ya shiga mota. Ba wanda ya ga hawayensa.

Tela ne. A unguwar Jarwal ya yi ɗinkinsa har idonsa ya daina ganin ramin allura. Yanzu yana zaune a unguwar Shisha, a benen ɗansa Hashim, malamin makaranta, wanda a nan aka haife shi, a nan ya yi karatu.

Abu ɗaya Mairama ta roƙa a gadon asibiti. Ta ce, "Malam, kada a bar ni ba arba'in." Ita ce mai soya wainar sadaka a unguwar Misfala. Duk matar da ta rasu cikin mutanensu, in kwana arba'in ya cika, tandar Mairama ce ke hawa wuta. Malam ya ce mata ya ji.

Da ranar ta matso ya yi wa Hashim maganar.

"Abuya," in ji Hashim, "sadaka tana isa ga mamaci, ban musa ba. Kowace salla ina yi wa Umma addu'a. Amma a ware rana, a tara mata, a soya waina, wannan ba shi da asali. Ba a gidana ba."

"Gidanka."

"Ba haka nake nufi ba."

"Haka ka faɗa."

Maganar ta tsaya nan.

Akwai abin da Malam bai gaya wa kowa ba. Bayan azahar, in mutanen gidan sun kwanta ƙailula, yakan zauna a kujerarsa ta falo, wadda ke fuskantar ƙofar kicin. A nan yake ganin Mairama. Tana tsaye da shuɗin zanenta, ta naɗe hannun riga kamar za ta wanke shinkafa. Ba ta magana. Ba barci yake ba, don yana jin ƙarar motoci a ƙasa. Ya yi a'uziyya, ba ta gudu ba. Sai ta ga dama take ɓacewa, gobe ta dawo.

Malam ya san mamaci ba ya dawowa. Da haka aka rene shi. To, ko Shaiɗan ne ya ari fuskar matarsa, ko kuwa wani abu ne da ba shi da sunansa. Ya ji tsoro kwanakin farko. Daga baya sai ya ga yana gaggawar gama abinci don kada ya makara.

Wata rana jikarsa Shaima ba ta kwanta ba. 'Yar Hashim ce, tana karanta adabin Turanci a jami'a, Hausarta rabi Larabci. Sidi take ce masa, kakarta Mairama kuma Sitti. Ta baza littattafai a teburin cin abinci.

"Amarya," in ji shi, "yau wane shirme ne?"

"Ba shirme ba ne, Sidi. Kai dai kishi kake, na bar ka na auri littafi. Wasannin kwaikwayo ne na Ingila, na zamanin da can. Ina rubutu a kan... ya'ani, mutum ya mutu, kuma ya fito."

"Fatalwa."

"Aiwa, fatalwa."

"Ubanki ya hana waina, ya bar 'yarsa da fatalwa. Madalla."

Ta yi dariya, ta juyo da kujerarta. Ta ce a ƙasar, da can, mutane suna yi wa matattunsu addu'a a ranakun da aka sani, su kunna kyandir, su ba da sadaka, suna ganin hakan yana rage musu azaba. Sai aƙidar ƙasar ta sauya. Sababbin malamansu suka ce wannan ba shi da asali a littafinsu, aka hana.

"Ba shi da asali," in ji Malam.

"Haka suka ce. Mutane suka bari. Amma in an je kallon wasa, sai ga matattu suna ta fitowa a dandali. Masu kallo su rabu biyu. Wasu su ce Shaiɗan ne ya sa kamannin mamacin don ya halaka mai rai. Wasu su ce a'a, shi ne da kansa, akwai abin da yake nema. Malamarmu ta ce an rufe musu inda suke kai kewarsu, shi ya sa ta ɓullo a can."

"Kafirai ne."

"Kiristoci, Sidi. Amma uwa ai uwa ce a ko'ina."

Can ya ce, "Me suke nema, matattun?"

"Wani fansa. Wani so yake kawai kada a manta da shi."

"In an yi musu?"

"Halas, shi ke nan. Ba sa ƙara fitowa."

"Ko sau ɗaya?"

"Sidi, wasa ne fa."

Sai ta lura ba ita yake kallo ba. Ta bi idonsa zuwa ƙofar kicin. Ba ta ga komai ba. Ta koma kan littafinta, ba ta ƙara buɗe shafi ba.

Malam ya kwana biyu yana juya maganar. Hanya mai sauƙi tana gabansa. Ya bi ɗansa, gida ya zauna lafiya, Mairama ta ci gaba da zuwa bayan azahar. Ba wanda zai zarge shi. Har ya kusa tsayawa a kan haka.

Amma da ta zo washegari, ya dube ta da kyau. Tsaye take. Tun ranar farko tsaye take, hannun riga a naɗe, kamar mai jiran a ba ta aiki. Matar nan ta yi rayuwarta tsaye a kansa, tsaye a kan Hashim, tsaye a kan tanda don matattun wasu. Shi yana zaune. Ko ita ce ko ba ita ba ce, alkawari dai ya ɗauka.

Ana gobe arba'in ya sauko da tandar daga saman kabad, ya naɗe ta da tsohon mayafin Mairama, ya tare tasi zuwa Misfala, gidan Ɗaso, aminiyar marigayiyar.

"A'a! Mutanen Shisha," in ji Ɗaso. "Ashe ba ka manta hanyar talakawa ba."

"Jiƙa shinkafa. Gobe ne."

"Na sani gobe ne, ina lissafe. Tun safe na jiƙa. Ƙullu ai sai ya kwana, kai da ka saba ci ba ka san haka ba? Shehin ɗan naka ya yarda?"

"Ban tambaye shi ba."

Ta warware mayafin, ta ga tandar. Ta shafa gurbin da ya ɗan fashe a gefe.

Da safe Malam ya fito da sandarsa, ya tarar da Hashim a bakin ƙofa da makullin mota.

"Shaima ta gaya mini ka fita da tandar jiya. Ba zan ci ba, Abuya. Ba zan zauna ba."

"Ban gayyace ka ba."

"Mota ba ta shiga lungun. Ƙafarka ba za ta ɗauki tire ba."

Suka shiga mota, sai Misfala.

Tsofaffi uku ne suka hallara, Ɗaso da Kabira da Asiya. Sauran sun rasu, ko 'ya'yansu sun hana su. Suka soya, suka jera a tire, suka yayyafa sukari kamar yadda Mairama take yi. Hashim ya tsaya a waje. Da aka miƙo tiren, ya karɓa.

Suka tsaya a bakin titi inda alhazai ke wucewa a ƙafa zuwa Harami. Malam yana miƙawa, Hashim yana riƙe. Masu shara suka karɓa, wata 'yar Indunusiya ta karɓa tana juya abin a hannu. Sai wani dattijo mai rawani, daga ganinsa mutumin Nijar, ya tsaya.

"Waina a Makka! Sadakar wa ce?"

Malam aka tambaya, amma Hashim ne ya amsa.

"Ta mahaifiyata," in ji Hashim. "Mairama."

"Allah Ya jiƙan Mairama, Ya sa ta huta."

"Amin," in ji Hashim.

Bai ci ba. A mota ya ce har yanzu yana kan bakansa game da ware rana. Malam ya ce bai tambaye shi ba.

Bayan azahar gida ya yi tsit. Malam ya zauna a kujerarsa. Ƙofar kicin a buɗe, ana hango famfo da tukwane a kife. Ya jira. Inuwar labule ta tashi daga kafet ta hau bango. Ba kowa.

Shaima ta fito da waina ɗaya a faranti, wadda Ɗaso ta ƙulle masa.

"Sidi, ta huce."

"Ajiye."

Ta ajiye, ta durƙusa kusa da shi. A hankali ta ce, "Sitti ta zo?"

Ya daɗe yana kallon ƙofar.

"Mamaci ba ya dawowa, amarya. Kama mini kujerar nan."

Suka juya ta tana fuskantar taga. Aka kira la'asar. Ya gutsuri wainar, ya tauna, ya haɗiye, sannan ya tashi yin alwala.