Lakar Shekarun Fari

Hantsi ya ɗaga, sama ta yi fari fat, ba iska, ba ko ɗigon gajimare ta gabas. Jafaru na tsugunne a bakin gonarsa yana duban geron da ya shuka bayan ruwan farko. Ya tsiro lafiya lau, har ya kai tsawon yatsa, sannan ruwa ya ɗauke. Yanzu in ka kama ganyen sai ya murmushe a hannunka. Duk gonakin Kwarin Ɗinya haka suke, har zuwa titin Zango. An fita roƙon ruwa, an yi sadakar gumba, hadari ya haɗu da la'asar ya yi baƙi ƙirin, iska ta zo ta watsa shi.

Matarsa Raihana ta iso da kwanon fura, ta ajiye, amma ba ta juya ba.

"Yau ma sun mayar da jarkokina ƙarshen layi a famfo," in ji ta. "Har matar Baba Hamma, wadda ta karɓi haihuwata. Na gaishe ta, ta amsa wa ƙasa."

"Me suka ce?"

"Abin da ka sani. Wai sai ka fitar da kwalbar nan daga gari."

Kwalbar ba ta fi ta turare girma ba, cike take da laka mai launin toka. Yayansa Musaddiq ne ya kawo ta. Shi ne ya yi boko a gidansu har jami'a, daga nan ya sami aiki a wani jirgin ruwa na masu bincike, waɗanda ke zura dogon bututu har gindin teku su zaro laka. Bara waccan zazzaɓi ya kama shi a jirgin, aka sauke shi a wani gari na bakin teku, can ya cika. Musulmin garin suka yi masa sutura. Waya kawai aka bugo. Ba gawa, ba kabarin da mutum zai je ya tsaya, ko jakar kayansa ba ta iso ba. Kwalbar nan ce kaɗai abin da hannunsa ya taɓa da ya rage a gidan.

Jafaru bai manta ranar da ya ba shi ita ba. Suna zaune a inuwar zaure, Musaddiq ya ɗebi lakar kaɗan a cokali, ya jiƙa, ya murza da yatsa, ya miƙo masa wani gilashi mai ƙara wa abu girma.

"Me ka gani, malam manomi?"

"Tsakin gero."

"Buɗe idon dai."

Ya sake dubawa. Sai ya ga 'yan ƙwansuna farare, dunƙule-dunƙule, kamar katantanwar da aka yi wa tururuwa.

"Wasu 'yan halittu ne na cikin teku," in ji Musaddiq. "Kowanne yana gina ƙwansonsa gwargwadon ɗumin ruwan da ya rayu a ciki. In ya mutu ya nutse, na bayansa ya sauka a kansa, haka haka, kamar yadda Inna ke jera faifai. Mu kuma sai mu auna ƙwanson, mu san ko teku na da zafi ko sanyi tun zamanin da ba a haifi kakan kakan kowa ba."

"To ina ruwanmu da teku, Yaya, mu da ko kogin kirki ba mu da shi?"

"Ruwan da ke sauka a gonarka daga ina kake tsammani yake tasowa? Daga randar Inna?" Ya yi dariya. "Can ƙarshen duniya ta arewa akwai ƙanƙara, duwatsu-duwatsu. An yi wani zamani da ta farfashe ta narke cikin teku. Tekun arewa ya yi sanyi, na kudu ya ɗumama, damina ta bi ɗumin ta ja baya. Ƙasar nan tamu ta bushe. Ba shekara guda ba, ba goma ba, ɗaruruwa. Wannan lakar ta wancan zamanin ce. Ragowa ce za a zubar, na ce bari in yi wa Jafaru tsaraba."

"Wasu yayyen, waya suke kawowa tsaraba."

"Wasu ƙannen sun san darajar abu."

"Ƙanƙarar fa? Ta koma yadda take?"

"Ta koma. Amma yanzu ma tana narkewa," in ji Musaddiq. Wannan karon bai yi dariya ba.

Tun da ruwa ya ɗauke, maganar nan ta hana Jafaru sakat. Bai taɓa ganin teku ba, amma da tsakar rana in ya ɗaga kai daga noma sai ya ga kamar garin nasu babu kowa, babu rumbu, babu ko tsuntsu, rairayi kawai. Can kuma wani wuri mai duhu, 'yan ƙwansunan nan suna ta sauka a hankali ba ƙara, kamar yayyafi. In abin ya dame shi sai ya shiga ɗaki ya ɗauko kwalbar ya riƙe. Ko da zafi ya kai ina, sanyi gare ta.

Bayan sallar azahar aka tare shi a gindin darbejiyar masallaci. Hamma ne ya fara. Tsoho ne siriri, ya ga babban fari yana saurayi, lokacin da aka haƙa gidan tururuwa ana neman hatsi, ya kuma binne ƙannensa biyu a shekarar. Bana ya shuka irinsa na ƙarshe, shi ma ya ƙone.

"Ɗana, ba faɗa muka kira ka ba. Abin ƙarƙashin ruwa yana da masu shi. An ɗebo musu ƙasa an kawo tudu an rufe a kwalba. Wa ya san abin da suka riƙe mana a madadinta?"

Liman, Malam Sha'aban, ya girgiza kai. "Alhaji Hamma, wannan camfi ne. Ba mai saukar da ruwa, ba mai riƙe shi, sai Allah."

"Na sani, Malam. Ko maciji ma ba ya sara sai da izinin Allah, amma ba na kwana da shi a ɗaki."

Aka ɗan yi dariya. Jafaru ya ga kamar in ya yi bayani za su gane. Ya sunkuyar da kai ya faɗi abin da yayansa ya gaya masa, a hankali, yadda ya iya: ƙwansunan, ɗumin teku, ƙanƙarar arewa, daminar da ta ja baya.

"Don haka, Baba, ba aljanu a ciki. Shaida ce kawai. Laka ce ta zamanin da aka yi ɗaruruwan shekaru ba ruwa a nan."

Ya ɗago ya ga duk idanu a kansa, sannan ya ji abin da bakinsa ya faɗa.

"Ɗaruruwa," in ji Hamma. "Allah ya binne farin can a gindin teku, ya ɗora masa ruwa a kai, ku kuka tono shi kuka kawo mana gida. Kai da bakinka ka faɗa."

"Ba haka nake nufi ba, Baba."

"To yaya kake nufi?"

Da Musaddiq ne da ya samo kalmar da ta dace, ya sa su dariya ma a kai. Mutane suka fara miƙewa suna kakkaɓe riguna, ba wanda ya ba shi hannu. Malam Sha'aban ya tsaya har suka watse.

"Laka ce, na sani, ka sani," ya ce a hankali. "Zan faɗa a huɗuba, zan kuma sake faɗa. Amma mutanen nan tsoro suke ji, kuma da su za ka zauna. Matarka da su za ta ɗebi ruwa. Ban ce ka yi ba, ban ce ka bari ba."

A gida ya tarar da mahaifiyarsu, Inna Haulatu, tana tsince wake a bakin ɗakinta. Musaddiq ɗan farinta ne, don haka ba ta taɓa kiran sunansa ba, yana raye ko bayan ransa. Ranar da aka bugo wayar ma ba wanda ya ga hawayenta. Jafaru ya durƙusa ya gaya mata komai.

"Kawo ta nan," in ji ta.

Bai taɓa ganin ta taɓa kwalbar ba. Ta karɓa da hannu biyu, ta juya ta, ta goge ƙurar murfin da bakin zanenta. Ta daɗe tana kallo.

"Yayanku tun yana ƙarami haka yake. Kowa ya je kiwo ya dawo da ɗinya, shi ya dawo da duwatsu a aljihu, wando duk ya yage." Ta ɗora kwalbar a kumatunta, ta rufe ido. "Ashe sanyi gare ta."

"Inna, in kin ce a bar ta, wallahi ko garin zan bari..."

"Ka bar garin ka kai ni ina?" Ta miƙo masa, amma yatsunta ba su saki da wuri ba. "Je ka. Kada dai ka jefar kamar shara."

Da la'asar ya bi hanyar ƙoramar da ke yamma da gari, wadda ba ta gudu sai damina ta kankama. Hamma ya biyo shi a kan tsohon kekensa don ya shaida, ya tsaya nesa a kan gaɓa. Jafaru ya sauka tsakiyar rairayin, ya tona rami da hannu har ya kai inda yashin ke da ɗan laima. Ya buɗe murfin. Lakar ta bushe ta kama jikin kwalbar, sai da ya sa tsinke. Ta zubo gutsi-gutsi a tafinsa, ba ta ko cika shi ba. Ya kawo ta kusa da ido ko zai ga ƙwansunan, amma ba gilashi, toka kawai ya gani. Ya sa ta a ramin, ya kwantar da kwalbar a gefenta, ya mayar da yashi, ya daddaɓe. Ya ɗaga hannu ya yi wa yayansa addu'ar da ake yi a bakin kabari, wadda bai taɓa samun inda zai tsaya ya yi ba.

Da ya hau gaɓa ya ce, "Baba, ruwan ƙoramar nan in ya zo, yana kaiwa teku?"

"Oho. Ni dai na san yana wucewa." Hamma ya dubi gabas. Sama tana nan yadda take. Ya daɗe yana dubawa, leɓunansa na motsi, sannan ya hau keken ya taka. Bai yi nisa ba sarƙar ta zame, ya tokare ƙasa da ƙafa guda yana tangaɗi. Ya sauka ya tsuguna, ya yi ta fama, ya kasa mayar da ita.

Jafaru ya ƙaraso ya durƙusa. Ya ɗora sarƙar a haƙoran, ya juya feda baya har ta zauna, ya riƙe masa sirdi har ya hau. Tsohon ya taka ya nufi gari, bai waiwayo ba. Jafaru ya goge baƙin man a yashi, ya bi sawun tayar a ƙafa.