Burodi Mai Zuba na Mutum Biyu

Sati biyu ke nan Hajar tana bina kicin, ni kuwa sai washe baki nake kamar wadda aka yi wa albishir. Yarinyar da ta shekara goma sha bakwai a duniya ba ta taɓa dafa ko ruwan shayi ba sai an yi faɗa, ita ce yanzu take dawowa daga makaranta ta yar da jaka ta zo ta tsaya a kaina da ɗan littafi da biro. A nan Riyad aka haife ta, a unguwar Shumaisi, Larabci ya fi Hausa zama a bakinta, duk abin da na faɗa kuma da Larabcin take rubutawa. Har waya na buga wa yayata a Funtuwa na ce mata auta ta yi hankali.

"Umma, masu sauƙi nake so," in ji ta kullum. "Wanda ba ya wuce rabin awa."

Ranar Laraba da la'asar muka zo kan burodi mai zuba. Turawa suna da sunansa, wai silofi jo, amma ni sunan da na raɗa masa ke nan, domin ba a cinsa a tashi da riga mai tsabta. Wata maƙwabciyata 'yar Filifin ce ta koya mini tun Hajar tana goye. Niƙaƙƙen nama ne a cikin miyar tumatir mai kauri, a tsaga burodi a ɗura. Nasu zaƙi ya yi masa yawa, sai na gyara shi da attaruhu da wani abu guda da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Duk ranar da na gaji shi nake yi, kuma mijina Basiru, wanda ba ya yabon abinci ko da kuskure, sai ya ci uku.

Na sa ta yanka albasa biyu da tattasai. Ta yanka su manya-manya kamar za a ba akuya, na karɓi wuƙar na nuna mata. Muka soya a mai kaɗan har albasar ta yi laushi, na juye naman, na ba ta muciya.

"Ki riƙa farfasa shi. In kika bar shi ya dunƙule kin ɓata aiki."

Tana cikin juyawa aka ƙwanƙwasa ƙofa. Na yafa mayafi na leƙa. Jibirilla ne, direban wani kamfanin kayan gini, abokin Basiru tun suna samari a Katsina. Leda ce a hannunsa an naɗe ta da salatif kamar mai karaya.

"Hajiya, ga ɗan saƙo nan, wallahi ba nauyi. Dabino ne da abaya ɗaya ta tsohuwa. Na rubuta lambar ƙanena a jiki."

"Wa zai tafi gida?"

Ya dube ni, ya dubi ledar. Nan take ya sha jinin jikinsa.

"Au. To... a ajiye dai wa Malam Basirun." Ya dire ta a bakin ƙofa, ya gangara matakala har yana tuntuɓe.

Wanda bai zauna a ƙasar nan ba ba zai gane ba. Mu nan mutum yana iya ɓoye ciwo, ya ɓoye rigimarsa da mai gidan aikinsa, amma tafiya gida ba ta ɓoyuwa. Da an ji ƙishin-ƙishin a kasuwar Batha, inda mutanenmu suke haɗuwa ranar Juma'a, gidanka ya zama sito. Wannan ya kawo turare, wancan ya kawo darduma, kowa yana rantsuwa nasa ba nauyi. Ni kaina shekara goma sha tara ina ɗora wa mutane kaya, ban taɓa jin kunya ba.

Sai na ce a raina Basiru ne zai je gida duba Hajiya, surukata. Mahaifiyarsa ta samu shanyewar ɓarin jiki wata uku da suka wuce, kuma tun lokacin ba ya barcin kirki. Raina ya ɗan sosu da sai a bakin Jibirilla zan ji, amma halin mutumin ke nan, magana a cikinsa take tsufa. Na koma kicin.

Naman ya canza launi. Na sa Hajar ta tsiyaye man da ya taso, muka zuba tumatirin gwangwani, da na kwalba mai zaƙi-zaƙi cokali uku, da ruwan kal mai tsami kaɗan, da gishiri da attaruhu. Na ce mata, "Jibirilla ne ya kawo saƙo. Ashe Abbanki tafiya zai yi?" Ba ta ɗago ba. Ta ce wutar ta yi yawa ne ko a rage. Da ta juya baya na ɗauko ɗan gwangwanin da nake ɓoyewa bayan buhun shinkafa, na barbaɗa abina na mayar. Na rufe tukunyar na rage wuta.

Ba a yi minti goma ba aka sake bugu. Wannan karon Delou ce, aminiyata, mutuniyar Maraɗi, wadda muke hawa bene ɗaya shekara goma sha ɗaya. Ni na kwana da ita a asibiti da aka yi mata aiki. Jaka ce a hannunta, idonta jajur. Ko sallama ba ta ƙarasa ba ta faɗo jikina tana kuka tana kiran sunana.

"Kyauta, na yi ta daurewa na kasa. Wa zan samu kamarki a garin ga? Ga wannan, in kin isa Katsina ɗiyata za ta zo ta Jibiya ta amsa."

Na ɓamɓare ta daga jikina.

"In na isa ina?"

Ta tsaya da kukan. "Mi kike nufi? Ba Talata ce ba?"

"Wace Talatar, Delou?"

Ta dafe ƙirji. "La ilaha illallahu. Malam Basiru bai gaya miki ba? Yau sati uku da ya ce da maigidana ya yi miki huruj niha'i, za ki riƙe Hajiya. Ya ce kar a tayar miki da zancen, ranki ba ya so. Har ya roƙe ni in riƙa leƙa yarinyar."

Fita iri biyu ce a ƙasar nan, ko yaron goye ya san su. Akwai ta je-ka-dawo. Akwai huruj niha'i, wadda ake soke wa mutum takardar zama, ya fita ke nan. Kuma tunda a ƙarƙashin sunan miji nake zaune, ba a buƙatar sa hannuna, ba a buƙatar ko ganin fuskata. A waya ake yi, mutum yana kishingiɗe.

Abin da ya fara zuwa bakina shi ne, "Sati uku? Jiya fa a nan kika wuni muna tsinke zogale."

"Na ɗauka kara kike yi, ba ki son a yi kuka."

"To ajiye jakarki a kan ta Jibirilla. Sai da safe."

Na rufe ƙofa tana kiran sunana. Na san ba ita ta kashe ni ba, amma a lokacin ko muryarta ba na son ji.

Hajar tana tsaye gaban tukunya ta ba ni baya, tana juya miyar da ba ta buƙatar juyi. Littafin yana buɗe a kan kanta kusa da ledar burodi. Larabcina na kasuwa ne da asibiti, amma ina haɗa baƙi. Na ɗauka. A saman shafin ta rubuta sunan abincin, a ƙarƙashi ta ja layi ta sa: na mutum biyu. Na buɗe baya. Dafa-duka, na mutum biyu. Miyar kuɓewa, na mutum biyu. Taliya da kifi, na mutum biyu. Tun shafin farko. Ni ina auna mata na gida, ita tana ragewa tana cire ni.

"Tun yaushe kika sani?"

Muciyar ta tsaya.

"Abba ya ce shi zai faɗa miki da kansa. Wallahi Umma kullum sai na ce masa..."

"Tambayarki na yi."

"Tun ranar da aka yi." Muryarta ta shige ciki. "Ni na cike masa a waya. Yana tsoron ya danna ba daidai ba."

"Kin karanta abin da kika danna?"

Ta gyaɗa kai.

Wannan ne ya fi yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Na Basiru na ji shi a ƙirji, na yarinyar nan kuwa har cikin hanjina. Sati biyu ina yi mata rawar kai, ina buga waya Funtuwa ina alfahari, ashe aikin hannuna nake miƙawa kafin a sallame ni. Na so in ɗaga hannu. Ban taɓa dukanta ba, ban kuma fara ranar ba. Na ce ta tsaga burodin ta ɗan gasa cikinsa a kasko, domin in ba a gasa ba miyar jiƙa shi take ya lalace. Ta yi, hawaye yana ɗiga a kan hannunta.

Bayan magariba Basiru ya shigo da farar jallabiyarsa. Gyaran na'urar sanyaya ɗaki yake yi, kuma duk ranar da ya taso sai ya yi wanka a wurin aiki ya canza, wai kar ya shigo mana da wari. Mutum mai kula ke nan. Ya tsallake leda da jaka a bakin ƙofa, ya tsaya ya sake dubansu. 

Na shimfiɗa ledar cin abinci, na dire tire. Na ɗura masa uku, na ɗura wa Hajar biyu, na koma gefe na zauna.

"Ke fa?" ya ce.

"Bismilla, Malam. Ci. Ɗiyarka ce ta dafa. Ka ji ko za ku rayu."

Ya ajiye burodin da ya ɗauka.

"Kyauta, yau ɗin nan na yi niyyar..."

"Yau Laraba. Talata saura kwana shida. Jibirilla ya sani, Delou ta sani, Batha kaf ta sani. Sai mai tafiyar."

Ya sunkuyar da kai ya fara bayani a hankali, irin yadda yake yi wa masu gida in na'urarsu ta mutu. Jikin Hajiya ya ƙi. Sai an ɗaga ta an kwantar. Matan 'yan'uwansa kowace da aikinta da 'ya'yanta ƙanana. Yayansa Almustafa ya tara su a waya, aka duba aka ga ni ce ba ni da ƙaramin yaro, kuma ni ce Hajiya take ambato.

"Na san in na faɗa miki hayaniya za ki yi."

"Ƙwarai kuwa zan yi! In yi hayaniya, in yi kuka, in zage ka a raina, sannan in haɗa kayana in tafi. Matar nan ita ta yi mini wankan jego da na haifi yayan yarinyar nan, uwata tana kabari. Kwana arba'in tana tashi da asuba tana hura wuta. Kai kana ganin sai an ɗaure ni za a kai ni wurinta? Shekara ashirin da huɗu, Malam, ba ka san wadda kake aure ba?"

Ya kawar da kai, na ci gaba.

"To me ya hana ka yi mini ta je-ka-dawo? Wata huɗu ya rage yarinyar nan ta yi jarrabawar ƙarshe."

"Ba a san ranar da Hajiya za ta tashi ba," ya ce. "Kuma na ga in akwai hanyar dawowa, hankalinki zai rabu biyu."

Wato ya zauna ya yi tunani. Ba mantuwa ba ce, ba ruɗewa ba ce. Ya auna ni, ya ga gara a rufe ƙofar tukuna. Da ya ce mini kuskure ne da na samu abin riƙewa.

Na ce zan tafi, saboda Hajiya, ba saboda shi ko Almustafa ba. Na ce kuma kar ya ƙara cewa da kowa raina ne ba ya son zancen.

Don ya samu abin yi da hannunsa ya ɗauki burodin ya gatsa. Miyar ta zubo ta gangara a gaban farar jallabiyar, ja wur. Shekara da shekaru in haka ta faru kafin ya buɗe baki na miƙe na kawo tsumma da ruwa. Ya ɗago ya dube ni, don sabo. Na dube shi. Hajar ce ta tashi da gudu.

Da suka gama na kwashe tiren na kira ta kicin. Ta shigo tana raɓe-raɓe. Na miƙa hannu bayan buhun shinkafa na ciro gwangwanin na buɗe mata. Ta shinshina ta yamutsa fuska.

"Daddawa ce, dakakkiya. Ita ce ba ki rubuta ba. Ban faɗa miki ba don ina ganin muna da lokaci. Ɗauko biron."

"Umma, don Allah ki yafe..."

"Rubuta. Rabin ƙaramin cokali, bayan tumatir, kafin a rufe. Albasa kuma ɗaya ta ishe ku, biyu ɓarna ce."

Ta rubuta. Na sa mata gwangwanin a inda za ta gani, gaban kanta, kusa da gishiri. Sannan na ɗaga murfin tukunyar don in juye abin da ya rage. Daidai cin mutum ɗaya ne. Na tsaya ina kallonsa har ya huce.