Digiri Casa'in da Huɗu

Ranar Litinin kwamfutar Baba ta mutu karo na uku. Fankokinta suka yi ta gurnani kamar za su tashi sama, allon ya yi baƙi ƙirin, aikin awa biyu ya bi ruwa.

Baba mai zanen gine-gine ne. Shekara talatin da ɗaya yana aiki da fensir da rula, har hannunsa na dama ya fara rawa, layi ya daina fita a miƙe. Bai tsaya jayayya da hannun ba, ya koyi kwamfuta da yatsa ɗaya. Aikin da ke gabansa yanzu zanen ƙaramin asibitin haihuwa ne na unguwa. Mama, wadda ungozoma ce, ta yi shekaru tana sintiri wajen kwamitin unguwa a kan maganar, har Allah ya karɓi abarsa bara. Sai bayan ranta kwamitin ya tashi daga barci. Ya ce zai zauna ranar Alhamis da safe, kuma ba ya son zanen takarda, hoto mai motsi yake so, wanda mai kallo zai ji kamar yana tafiya a cikin ginin. In Baba bai kawo ba, za a ba wani kamfani mai zane guda ɗaya tal, wanda yake sayar wa kowa: makaranta, asibiti, ofis, duk akwati ne mai tagogi.

Irin wannan hoton kwamfuta ce ke haɗa shi da kanta, awa bakwai ba tsayawa, kuma nauyin duka yana kan katin hoto, wani faffaɗan allo mai fankoki biyu da ake soka wa kwamfuta a ciki. Na Baba na hannu ne. Injiniya ne ya samo masa.

Injiniya mijin Yaya ne, babbar 'yar Baba. Takardun shaida biyar gare shi a bangon falo, har da ta halartar taron wuni ɗaya. Ita kuwa Auta, ƙanwar matarsa, gyaran waya take yi a wani teburi ƙarƙashin matakalar bene a kasuwa. Ba ta da takardar ratayewa. Ta koya ne daga bidiyo da kuma wayoyin da ta kashe da hannunta, waɗanda ba su da yawa amma ba ta manta ko ɗaya ba.

Da yammacin ranar su uku suna ɗakin aikin Baba. Ɗaki ne da Mama ta bar hannunta a ko'ina: rediyo da rigarsa, keken ɗinki da rigarsa, hatta tsohon teburin zane an lulluɓe shi.

"Matsalar ba ta kati ba ce," in ji Injiniya, hannu a aljihu. "Na yi masa cikakken sabis kafin in kawo. Matsala ce ta tsarin gudanar wutar gidan nan baki ɗaya."

"Wutar gidan nan tana tafasa shayi lafiya lau," in ji Auta.

"Ƙanwata, wannan fa ba cajar waya ba ce."

"Na lura. Caja sau ɗaya take mutuwa."

Baba bai yi dariya ba. Yana zaune yana kallon baƙin allon, hannun dama a ƙarƙashin na hagu, kamar yadda yake yi in ba ya so a ga rawar.

"Auta," ya ce, "za ki iya dubawa?"

Tun da ta fara gyara bai taɓa ba ta ko tocila ta duba ba. Ta ɗauke rigar da ke kan akwatin kwamfutar, ta rataye a bayan kujera, ta kwance murfin, ta zaro katin.

Ta kwantar da shi a kan jarida, ta kwance sukurori, ta ɗaga ƙarfen sanyaya, wato ƙarfen nan mai haƙora da ke zuƙe zafi fankoki su kore shi. A tsakiyar katin akwai ƙwaƙwalwarsa, ɗan murabba'i mai sheƙi bai fi akwatin ashana ba. Ƙa'ida ita ce ƙarfen ya zauna daram a kanta, da ɗan man sanyaya a tsakani. Man yana nan kuwa, toka-toka, a dunƙule yadda aka matso shi, ko saman tulin bai baje sosai ba. A gefe, inda ake sa 'yan faifan roba masu laushi, an jera su bibbiyu, wani kan wani.

"Wa ya ninka waɗannan?"

"Ni ne," in ji Injiniya. "Don ƙarin kariya."

"To sun kare shi. Sun ɗaga ƙarfen sama, bai ko gaisa da ƙwaƙwalwar ba. Ka shimfiɗa masa katifa biyu, ka hana shi taɓa ƙasa."

"A ka'idar injiniyanci…"

"Miƙo min audugar nan, Injiniya, ka ga ka yi aikin hannu yau."

Ta goge tsohon man da sifirit har ƙwaƙwalwar ta nuna mata fuskarta. Ta cire faifan da suka yi yawa, ta busa ƙurar da ta daskare tsakanin haƙoran ƙarfen, ta ɗiga sabon mai kamar ƙwayar wake. Sukurorin ta ɗaure su a gicciye, kaɗan-kaɗan, wannan kusurwa sannan waccan, don kada ƙarfen ya zauna a karkace. Da ta kunna ta buɗe manhajar saitin katin, sai ta tarar an tura kowane ma'auni har ƙurya: gudu, ƙarfin wuta, duka.

"Don a samu cikakkiyar fa'ida," in ji Injiniya, tun ba a tambaye shi ba.

Ta rage wutar zuwa kashi tamanin, ta sauke gudun kaɗan. Aikin zai ƙara rabin awa, amma katin zai daina ƙona kansa. Ta sa wata 'yar lamba a kusurwar allo mai nuna zafinsa, ta bar shi yana aiki awa guda. Saba'in da ɗaya. Bai wuce ba.

"A casa'in da huɗu yake kashe kansa," ta gaya wa Baba. "Yanzu ko kusa ba zai je ba. Gobe da safe ka kunna."

Sai da safe, domin Baba ba ya barin na'ura a kunne ya kwanta. Dokar Mama ce, kuma ba a soke ta ba.

Talata da azahar tana tsakiyar canja wa wata waya gilashi Baba ya kira ta.

"Ta mutu," ya ce.

Ta rufe teburin ta zo. Ta ɗauke rigar kwamfutar, ta kwance murfi, ta sake buɗe katin. Man ya baje sumul daga kusurwa zuwa kusurwa, faifan sun zauna daidai, fankoki suna juyawa. Ta mayar, ta rufe, ta kunna, ta zauna a gabanta awa ɗaya da rabi. Saba'in da ɗaya. Saba'in da biyu. Saba'in da ɗaya.

Injiniya ya leƙo a hanyarsa ta komawa gida.

"Ai na faɗa," ya ce a hankali, irin hankalin wanda ya ci gardama. "Akwai abubuwan da bidiyo ba ya koyarwa. Ba laifinki ba ne."

Auta ta tattara kayan aikinta. A hanyar gida ta yi ta juya abin. In katin ya riga ya ƙone daga ciki, babu man da zai yi masa magani, kuma babu lokacin neman wani. Saura wuni ɗaya. In ya mutu gobe, ranar Alhamis Baba zai shiga gaban kwamiti da takardu a hammata, su tashi su gaishe shi da girmamawa, su ba kamfanin akwati aikin.

Laraba ba ta fita kasuwa ba. Ƙarfe takwas ta kunna aikin da kanta, ta ga lambar ta tsaya a saba'in da ɗaya, sannan ta shiga kicin ta haɗa wa Baba shayi. Ba ta yi minti goma ba.

Da ta dawo da kofin, rigar tana kan kwamfutar.

An gyara mata zama, kusurwa ta hau kusurwa. Riga ce mai kauri, an cusa mata auduga an bi ta da ɗinki, shuɗiya mai farin baki, ta rufe saman akwatin ta sauko har ƙasa ta kowane gefe. Duk ramukan da iska ke shiga da fita suna ƙarƙashinta. Auta ta ajiye kofin. Sau biyu ta ɗauke rigar nan da hannunta ba ta yi tunanin komai ba. Ta ɗauka sai kwamfutar ta mutu yake rufewa. Ta dubi kusurwar allo. Saba'in da bakwai.

"Baba, kullum kana rufe ta in tana aiki?"

"In kin gama dubawa, eh. Ƙura ke kashe na'ura. Mamanku ta sha faɗa."

"Ta yi gaskiya. Amma da can wasiƙa da zanen layi kawai kwamfutar ke yi, ba ta zafi. Yanzu akwai murhu a cikinta. Ta nan sama zafin ke fita." Ta nuna da yatsa, ba ta taɓa ba.

Baba ya dubi rigar. Ya daɗe yana dubanta.

"Shi ne ɗinkinta na ƙarshe," ya ce.

"Na sani."

"A zaune ta auna. Ta kasa tsayawa."

"Ni na riƙe mata tef ɗin, Baba."

Tamanin da uku. Fankokin sun fara ɗaga murya a ƙarƙashin audugar. Hannu ɗaya za ta miƙa ta yaye rigar, magana ta ƙare. Amma ta san shi. Ba zai hana ta ba, zai bari ta juya baya ne ya mayar, ba don taurin kai ba, don haka hannunsa ya saba. Shekara guda ke nan kullum da safe yana bin ɗakin yana gyara wa kowane abu rigarsa.

"Ba zan taɓa ba," ta ce. "Amma saura digiri goma sha ɗaya. In ta mutu yanzu za mu iya sakewa sau ɗaya. In ta kai azahar ta mutu, shi ke nan."

Tamanin da shida. Wani mai kaya ya wuce a titi yana kiran sana'arsa, muryarsa ta yi nisa. Tamanin da takwas.

"Da tana nan," in ji Baba, "da ta ce min, malam, asibitin nake so, ba tsumma ba."

"Da ba ta tsaya faɗa ba ma. Da ta fizge."

Wani ɗan sauti ya fita daga hancinsa, ba dariya sosai ba. Ya tashi. Ya kama rigar da hannu biyu, na daman yana rawa bai ɓoye shi ba, ya ɗaga ta a hankali kamar mai yaye wa majinyaci bargo. Hucin zafi ya bugi fuskar Auta daga inda take. Ya ninke rigar gida huɗu, ya koma kujerarsa, ya ɗora ta a cinya, ya dafa.

Casa'in. Casa'in. Tamanin da bakwai. Tamanin da ɗaya. Kafin shayin ya huce lambar ta koma saba'in da biyu, fankokin suka sauke murya.

Suka wuni a ɗakin. Ba su yi hira mai yawa ba. Yaya ta aiko da abinci suka ci a nan, idon Auta na komawa kusurwar allo kamar harshe da ciwon haƙori. Sau ɗaya Baba ya tashi ya fita, ya tafi da rigar a hannu, ya dawo da ita.

Ƙarfe uku da rabi da 'yan mintoci fankokin suka yi shiru. Allon bai yi baƙi ba. Auta ta danna hoton.

Ƙofa ta buɗe. Ga doguwar baranda da benci a jikin bango, don masu jira kada su tsaya. Babu matakala ko ɗaya daga bakin titi har ciki. A ɗakin haihuwa tagogin suna can sama, haske na shigowa amma mai wucewa ba ya ganin komai. Wurin wanke hannu kuwa an sauke shi ƙasa da yadda aka saba, daidai tsayin gajeriyar mace.

"Kullum sai Mamanku ta yi ɗage in za ta wanke hannu," in ji Baba. "Shekara ashirin da shida."

Auta ta kwafi hoton a kan 'yan ma'ajiyar filash biyu, ta sa ɗaya a aljihun rigar da zai sa gobe.

Injiniya ya iso bayan la'asar, aka gaya masa abin da ya faru. Ya gyaɗa kai.

"Zagayawar iska," ya ce. "Abin da nake nufi ke nan tun farko."

"Allah ya ƙara ilimi," in ji Auta.

Baba ya kashe kwamfutar. Ya ɗora bayan hannunsa a saman akwatin, yadda Mama ke taɓa goshin yaro, ya ji da sauran ɗumi. Ya zauna ya jira. Sai da ƙarfen ya yi sanyi sannan ya warware rigar, ya lulluɓa, ya daidaita kusurwoyin.